Ƙullin Uwa: Kaka, 'Ya da Jika a Gidajen Yahudawan da Suka Yi Ƙaura zuwa Amurka

Shugabar ƙungiya da 'yan kwamiti, uwar adashi, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, malamarmu, mazajen da suka rako mu, da 'ya'yanmu da ke can baya suna danne-dannen waya, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. Allah ya maimaita mana.

Mu 'yan ajin yaƙi da jahilci na yamma aka ce mu kawo jawabin bana. Da aka faɗa mana, sai da cikinmu ya ɗuri ruwa. Mun saba da "nawa za ki bari" da "albarka", amma tsayuwa gaban jama'a da takarda a hannu baƙon abu ne a wurinmu. Wannan takardar mu muka rubuta ta da hannunmu, layi bayan layi, malama tana gyara mana. Idan harshe ya sarƙe a kan wani sunan Turawa, a yi mana afuwa.

Bari mu faɗi yadda aka yi muka zaɓi wannan magana. Wata rana ɗaya daga cikinmu ta shigo aji ranta a ɓace. Ta nuna wa 'yarta da ke babbar sakandare rubutun da ta yi, yarinyar ta kwashe da dariya ta ce, "Umma, ai 'yan firamare ma sun fi ki." Kuma fa kuɗin makarantar yarinyar nan daga cinikin manja da daddawa yake fitowa. Ranar ba mu yi karatun kirki ba, kowa da nata ƙorafin. Sai malama ta ce mana ba a kanmu aka fara ba. Ta ce akwai wasu mata 'yan kasuwa da suka ɗanɗana irin wannan fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma an rubuta labarinsu har zuwa jikoki da tattaɓa kunne. Namu labarin bai ƙare ba tukuna, nasu kuwa an ga inda ya nufa. Shi muka yi wata uku muna karantawa kaɗan-kaɗan. Ba zancen rikicin Gabas ta Tsakiya muka zo da shi ba. Labarin iyaye mata ne, ya faro daga Turai ya ƙare a Amurka.

A wancan zamani, Yahudawa masu yawa suna zaune a gabashin Turai, a yankunan da yanzu ake kira Poland da Yukren da Lituweniya, akasarinsu a ƙarƙashin sarkin Rasha. Doka ta keɓe musu inda za su zauna. Harshensu na gida sunansa Yidish. A ƙananan garuruwansu, mace ce sau da yawa ke riƙe da rumfa ko ɗan shago, tana sayar da ƙwai da gari da yadi. Samari ake turawa karatun addini, yarinya kuwa ta koyi lissafi da ciniki a gindin uwarta, har ta iya taya kaya da harshen manoman da ke kewaye da su. Matar aure tana rufe gashinta, da kallabi ko da gashin kanti. Iyaye ke haɗa aure. In yarinya ta haihu, uwarta na kusa, ga gwaggo, ga inna, ga ungozomar gari. Ba ta rasa mai nuna mata yadda ake riƙe jariri.

A 1881 aka kashe Sarkin Rasha Alexander na Biyu, aka huce a kan Yahudawa, aka riƙa afka wa unguwanninsu ana kisa da ƙone-ƙone. A 1903, a garin Kishinev, an kashe mutum 49 cikin kwana biyu. Ga talauci kuma ya yi musu katutu. Daga 1881 zuwa 1924, Yahudawa sama da miliyan biyu suka tsallaka teku zuwa Amurka. Kakar da muke magana tana cikinsu, ita ce uwa ta farko.

Yawanci miji ke fara tafiya, ya yi shekaru yana tara kuɗin jirgi kafin ya aiko. Wani ya aiko, wani kuma shiru kake ji. Har jaridarsu ta Yidish mai suna Forverts, wadda aka kafa a New York a 1897, ta ware wuri tana buga hotunan mazajen da suka gudu suka bar iyali. Kuma a shari'arsu, matar da miji bai ba ta takardar saki ba, ba ta da damar wani aure. Wadda ta yi sa'a aka aiko mata, sai ta kwashi yara ta yi kwana da kwanaki a ƙasan jirgin ruwa, ta sauka a tsibirin Ellis, inda tun 1892 ake tantance baƙi. Likita zai ɗaga fatar idon kowane yaro yana neman wani ciwon ido mai yaɗuwa. Wanda aka samu da shi ana iya mayar da shi. Ku duba zuciyar uwa a wannan layin.

Unguwar da akasarinsu suka fara sauka ana kiranta Lower East Side. Benaye ne masu hawa biyar ko shida, kowane iyali da 'yan ɗakuna uku ƙanana, sau da yawa ɗaya ne kawai ke da tagar da ke kallon waje. A nan uwa za ta ajiye miji da yara, ta kuma ɗauki 'yan haya, ta dafa musu, ta yi musu wanki, don kuɗin hayar gidan ya fito. Ta karɓo ɗinki daga kamfani ta yi a gida, ana biyan ta bisa yawan abin da ta gama. Wata kuma ta tura amalanke a titin Hester tana sayar da kifi ko kayan miya. Ruwa da gawayi duk sai an hau bene da su.

Amma abin da ya fi taɓa mu shi ne, wannan matar ta baro uwarta a can. Da yawansu daga ranar da suka yi sallama ba su sake ganin juna ba. Ta haihu a baƙon gari, babu kaka da za ta karɓi jariri. Maƙwabciya ce ta zama uwa, sai kuma ma'aikatan jinya da wata mata mai suna Lillian Wald ta fara turawa gida-gida a unguwar tun 1893. Mu da muka san daɗin jego a gaban uwa, da ruwan zafi da kunun kanwa, mun san girman abin da ta rasa.

To da me ta riƙe gida? Suna da wata kalma, knipl, ma'anarta ƙulli. Kuɗin da mace ke tsakura daga na cefane ta ƙulle a bakin kallabi, ba mai sani sai ranar da ta ɓaci. Da malama ta karanta mana wannan, duk ajin ya ɗauki shewa, don kowacenmu ta tuna haɓar zanen uwarta. Bayan ƙulli akwai haɗin kai. 'Yan gari ɗaya sukan kafa ƙungiya don jinya da jana'iza. A 1892 wasu mutane suka haɗa dala 95 suka kafa asusun ba da rance babu kuɗin ruwa a New York, kuma har yau yana aiki. Mata ma sun kafa irin nasu.

Kuma ba su da sanyi. Abincinsu yana da ƙa'ida: ba sa cin alade, ba sa haɗa nama da madara, naman kuma sai wanda mahaucinsu ya yanka. A watan Mayun 1902 farashin laba ɗaya ta naman ya tashi daga senti 12 zuwa 18. Laba bai kai rabin kilo ba. Matan unguwar suka bi gida-gida suna cewa kada wadda ta saya. Suka tsaya a ƙofar mahauta, suka watsa nama a titi, wasu har da zuba masa kananzir. 'Yan sanda suka kama da yawa, wasu suka fito suka maye gurbinsu. Cikin 'yan makonni farashi ya sauko zuwa 14. Matan da suka yi wannan ba su da ƙuri'ar zaɓe a lokacin, da yawansu ko Turanci ba sa ji.

Wani lokaci kuma ƙullin ba ya isa. Akwai Rose Schneiderman, wadda daga baya ta zama babbar shugabar ƙungiyar ma'aikata mata. Sun iso New York a 1890, mahaifinta ya rasu a 1892. Uwar tana ɗinki dare da rana amma abin ya gagara, dole ta kai 'ya'yanta gidan marayu na wani lokaci. Rose tana shekara 13 ta bar makaranta ta kama aiki. Uwa ce fa da ranta da lafiyarta ta miƙa ɗanta gidan marayu don ya samu abin da zai ci.

Yanzu mu juya ga 'yar. Ita ta shiga makarantar gwamnati, cikin ɗan lokaci Turanci ya zauna a bakinta. Sai lamarin gida ya juye. Idan mai gidan haya ya zo, ita ce tafinta. Idan takarda ta zo daga makaranta ko asibiti, ita ke karantawa, ta faɗa wa uwar abin da ta ga dama. Uwar da a garinsu ake neman shawararta, a nan ta zama wadda 'yar shekara goma ke yi wa jagora. Akwai kalmar da suke kiran sabon zuwa da ita, ma'anarta ɗanye, irin yadda ake cewa baƙauye. Yarinya ta fara jin kunyar kallabin uwarta da karyayyen Turancinta. Ta sauya sunanta zuwa na Amurkawa. Ranar Asabar ranar hutunsu ce ta addini, amma kamfani ba ruwansa, sai ta tafi aiki. Ta ce ita za ta zaɓi mijinta. A 1906 jaridar Forverts ta buɗe shafin wasiƙun neman shawara, kuma cike yake da kukan iyaye a kan 'ya'ya, da kukan 'ya'ya a kan iyaye.

Kada mu zalunci 'yar dai. A gidaje da yawa, ranar biya takan kawo ambulan ɗin albashinta a rufe ta miƙa wa uwar, uwar ta cire mata ɗan na mota. Guminta ne ya biya haya, ya kuma biya wa ƙannenta maza makaranta. Clara Lemlich tana cikin irin waɗannan 'yan mata. Tun a Yukren iyayenta ba su so ta karanta littattafan harshen Rasha, sai ta riƙa ɗinka ramin maɓalli da rubuta wa maƙwabta wasiƙa tana tara kuɗin littafi. A Nuwamban 1909, tana shekara 23, ta miƙe a wani babban taro a New York ta yi magana da Yidish ta ce a tafi yajin aiki. Ma'aikatan ɗinki kimanin 20,000 suka fita, akasarinsu 'yan mata. Ranar 25 ga Maris 1911 gobara ta tashi a kamfanin ɗinki na Triangle, ƙofar fita a kulle, mutum 146 suka mutu, mafi yawa 'yan matan Yahudawa da na Italiya. Wasu da zobe ko takalmi iyayensu suka gane su. Uwa ta tsallako teku da 'ya don ta tsira daga kisa, sai wuta ta cinye ta a wurin neman abinci.

Waɗannan 'yan matan su suka girma suka zama uwa ta biyu. Abubuwa biyu suka yanke musu igiyar da ta haɗa su da tsohon gida. Na farko, a 1924 Amurka ta yi dokar da ta kusan rufe ƙofa ga baƙi daga gabashin Turai, sababbin masu jin Yidish suka daina shigowa. Na biyu, a Yaƙin Duniya na Biyu 'yan Nazi na Jamus suka kashe Yahudawa miliyan shida. Garuruwan da aka baro, da dangin da ake aika wa wasiƙa, suka shafe. Ba sauran gidan da za a ce za a kai yara su ga asalinsu.

Uwa ta biyu ta ƙudurta ba za ta yi wahalar uwarta ba. Ta taƙaita haihuwa, biyu ko uku. Asibitin farko na tsarin iyali a Amurka ma a unguwar Brownsville aka buɗe shi a 1916, inda Yahudawa suka yi yawa, kuma har da Yidish aka buga takardar tallarsa. Ta haihu a asibiti. In yaro ya yi zazzaɓi, maimakon ta tambayi uwarta sai ta kira likita ko ta buɗe littafi. Littafin renon yara na Dakta Spock da ya fito a 1946 ya shiga gidaje miliyoyi. Da hali ya samu aka tashi daga tsohuwar unguwa zuwa Bronx da Brooklyn, daga baya zuwa sababbin unguwannin bayan gari, ga firij ga injin wanki. A lokacin, alamar miji ya samu ita ce matarsa ba ta fita nema. Sai ga 'yar mai amalanke, jikar mai rumfa, tana zaune a gida da basira cike da kai, ba inda za ta zuba ta sai a kan yara biyu.

A nan ne wani abin takaici ya faru. A 1925 an yi wata waƙa ta yabon uwar Yahudawa, mawaƙiya Sophie Tucker ta shahara da ita, mutane na ji suna hawaye. Bayan shekara arba'in, uwar nan ta koma abin barkwanci. Masu ban dariya a talabijin, da marubuta irin su Philip Roth a littafinsa na 1969, suka zana ta a matsayin mai takura, mai ɗura wa yaro abinci, mai sa shi jin ya yi laifi kullum. Kuma yawancin masu wannan ba'a 'ya'yanta ne maza da ta yi wa hidima har suka zama wani abu. Mun tsaya mun yi tunani a kan wannan. Halin nan na "ci, ƙara ci", da "ina za ka, yaushe za ka dawo", shi ya raya yaro a unguwar da tarin fuka ke kwasar mutane. Yunwar ta wuce, tsoron bai fita daga jikin uwar ba. Yaron da ya tashi cikin ƙoshi bai ga yunwar ba, tsoron kawai ya gani, sai ya yi dariya.

'Ya'ya mata kuwa wani abu daban suka gani. Betty Friedan, wadda littafinta na 1963 ya tayar da muhawara a kan zaman matan Amurka a gida, mahaifinta baƙo ne daga ƙasar Rasha, mahaifiyarta kuma ta bar aikin jarida da ta yi aure. Betty ta tashi tana kallon ƙuncin da barin aikin ya jefa uwarta. Irin su ne suka zama uwa ta uku.

Bari mu ba ku gida ɗaya ku ga dukan matakan a jere. Celia Amster an haife ta a New York jim kaɗan bayan iyayenta sun iso daga Turai. Tana da ƙwaƙwalwa, ta gama sakandare tana shekara 15. Amma ba a tura ta gaba ba. Aka sa ta aiki a unguwar masu ɗinki, tana riƙe littafin lissafi, kuɗinta na taimaka wa ɗan'uwanta namiji ya yi jami'a. Ta yi aure ta haifi mata biyu, babbar ta rasu tana shekara shida. Ƙaramar, Ruth, an haife ta a 1933. Celia ta riƙa kai ta ɗakin karatu, tana kuma tsakurar kuɗin cefane tana ɓoyewa. Ciwon daji ya kama ta, ta rasu a 1950, ana gobe bikin gama sakandaren Ruth. Sai aka tarar ta tara wa karatun 'yarta kimanin dala 8,000. Ƙullin nan ne dai na kaka, ya koma asusun banki.

A zaman makoki, al'adarsu sai an samu mutum goma kafin a yi addu'ar mamaci cikin jam'i, kuma a lokacin maza kawai ake ƙirgawa. Gida cike da mata, ga 'yar mamaciyar a zaune, ba a lissafa ta ba. Ruth ta faɗa daga baya cewa abin ya tsaya mata a rai. A 1956 ta shiga karatun lauya a jami'ar Harvard da goyon 'yarta, su tara ne mata a cikin ɗalibai wajen 500. Ta ƙarasa a jami'ar Columbia a 1959 tana sahun farko, amma ba kamfanin lauyoyin da ya ɗauke ta a New York. Ta ce abu uku aka riƙe ta da su: Bayahudiya ce, mace ce, kuma uwa ce. Da ta samu cikin ɗanta na biyu tana koyarwa a jami'a, sai ta ari manyan tufafin surukarta ta ɓoye cikin don kada ta rasa aiki. Mijinta ne mai girkin gidan. Da makarantar yaron ta dame ta da kira kan ƙiriniyarsa, ta ce musu yaron nan iyaye biyu gare shi, a riƙa kiran uban ma. Daga nan kiran ya ragu.

A 1993 Ruth Bader Ginsburg ta zama alƙaliya a Kotun Ƙolin Amurka, ta zauna a kujerar har rasuwarta a 2020. Takan ce tsakanin mai riƙe littafin lissafi a unguwar masu ɗinki da alƙaliyar Kotun Ƙoli, tazarar haihuwa ɗaya ce tak. 'Yarta Jane farfesar shari'a ce a Columbia. Celia ba ta ga ko ɗaya daga cikin wannan ba.

To me ya rage a hannun uwa ta huɗu, ta yau? Ta yi karatu mai zurfi, ta yi aure a makare, yara kaɗan, tana gudu tsakanin ofis da gidan reno. Wani bincike na cibiyar Pew a 2020 ya nuna cikin Yahudawan Amurka da suka yi aure daga 2010, kashi 61 cikin ɗari sun auri wanda ba Bayahude ba. Ba duka suka bi hanya ɗaya ba fa. A wasu unguwannin Brooklyn kamar Williamsburg da Borough Park akwai masu riƙo da tsohuwar hanya, mata na rufe gashi, ana haihuwa da yawa, yara na tashi da Yidish a baki. Amma a mafi yawan gidaje harshen ya tafi. Abin da ya saura shi ne kyandir ɗin da uwa ke kunnawa da yammacin Juma'a, da miyar kaza irin ta kaka, da sunan mamaci da ake raɗa wa jariri, da 'yan kalmomi. Jikokin Ruth da kalmar Yidish suke kiranta, Bubbie, wato kaka.

Ga kuma abin da ya sa muka yi shiru a aji. A 1980 wani ɗalibi mai suna Aaron Lansky ya lura ana zubar da littattafan Yidish a bola, saboda tsofaffin sun mutu, 'ya'yansu ba sa iya karantawa. Ya riƙa bi gida-gida yana kwasowa, har cibiyar da ya kafa ta tara sama da miliyan ɗaya. Yau jikoki da tattaɓa kunne suna biyan kuɗi a jami'a don su koyi harshen da iyayensu suka ji kunyarsa. A titin Orchard, ɗaya daga cikin tsofaffin benayen nan ya zama gidan tarihi, mutane na sayen tikiti su shiga su ga ɗakin girkin da kaka ta yi fama a ciki. Abin da 'ya ta ɓoye, jika na nema da kuɗinta, kakar kuma ba ta nan balle a tambaye ta.

'Yan uwa, ga abin da muka fahimta. Kowace uwa a labarin nan ta yi aiki ne don 'yarta ta wuce ta, kuma ta ci nasara. Ladan da ta fara karɓa shi ne 'yar ta dawo gida da harshen da uwar ba ta ji, da idon da ke ganin aibunta. Babu wadda ta tsira daga wannan, har wadda ta yi boko. Mu ba mu tsallaka teku ba, amma da yawanmu mun baro ƙauye, kuma 'ya'yanmu sun shiga wata duniya ta makaranta da waya wadda mu baƙi ne a cikinta. Ba za mu janye su daga makaranta don gudun dariyarsu ba. Celia da aka cire don ɗan'uwanta ya yi karatu, ai ita ce ta fi kowa sanin zafin abin, shi ya sa ta yi ƙulli. Abin da muke nema shi ne kada tazarar ta yi faɗin da murya ba za ta tsallaka ba.

Don haka muna da roƙo uku. Na farko ga kwamiti: a duba yiwuwar ware wani kaso na ribar bana a buɗe asusun karatun 'ya'ya mata, a rubuce, da sunan kowace yarinya, don kada a wayi gari an cire wata saboda kuɗin jarrabawa ya zo daidai da karyewar jari. Ƙullin haɓar zane yana bin mai shi kabari in ba wanda ya san da shi. Na biyu ga 'yan uwanmu da har yanzu suke jin nauyin shigowa aji: akwai benci biyu babu kowa. A New York ma an buɗe wa iyayen nan azuzuwan koyon Turanci, aikin gida da 'yan haya suka hana da yawansu zuwa, suka ƙare rayuwa 'ya'yansu na karanta musu wasiƙunsu. Mu ranar da muka fara karanta saƙon banki a waya da kanmu, ba tare da mun kira yaro ba, mun san abin da muka ji. Gemu ba ya hana ilimi, furfura ma haka.

Na uku gare ku 'yan matanmu na baya. Ku ɗan ajiye wayar. Ƙungiya za ta iya sayen littafin rubutu ɗaya babba. Kowacenku ta zauna da kakarta in tana raye, ko da mahaifiyarta, ta tambaye ta: daga wane gari aka taso, da nawa aka fara jari, 'ya'ya nawa aka haifa, nawa aka binne, wane abu aka sayar aka biya kuɗin makarantarki. Ki rubuta da Hausa, yadda ta faɗa, kada ki gyara mata magana. Ilimin da muka saya muku da manja da daddawa, wannan ne aikin farko da muke so ya yi mana. Badi war haka, in Allah ya kai mu, a karanto mana shafi biyu ko uku a wannan taro.

'Yar'uwarmu da aka yi wa dariya ba ta daina zuwa aji ba. Sakin layi na huɗu na wannan takarda ita ta kwafe shi da hannunta, kuma 'yarta tana cikin ɗakin nan. Ba za mu nuna ta ba. Muna dai gaya mata, in an tashi ta zo ta duba rubutun.

Iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya raya mana zuri'a, ya ƙara haɗa kanmu.